Zaɓen Trump a Amurka: Kishin Ƙasa Ne Ko Ƙin Baƙo?

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2024, lokacin da aka ba da sanarwar cewa Donald Trump ya sake lashe zaɓen shugaban ƙasar Amurka, maganar mutumin nan ba ta bar rumfunan kasuwanninmu ba. A gidan rediyon da muke aiki, duk ranar da muka buɗe wa masu saurare layi kan al'amuran duniya, da wuya a tashi ba a sami wanda zai bugo daga Ɗan Isa ko Ƙonni ko Magariya ya ce shi fa mutumin yana burge shi ba. Dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: wai ɗan kasuwa ne irinmu, ba ɗan siyasa ba, ba ya rufa-rufa, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa, sa'annan kuma ya sa ƙasarsa a gaba. Har wani dattijo mai sayar da yadi ya taɓa ce mana da kowane shugaba zai yi wa ƙasarsa kishi irin na Trump, da talaka ya huta.

Ba mu raina wannan magana ba, domin mun san ciwon da ya haife ta. Wanda ya shekara talatin yana jin alƙawarin ƴan siyasa bai gani a ƙasa ba, dole duk wanda ya fito yana zaginsu ya yi masa daɗi. To amma mutumin da ke cin abincinsa a bakin iyaka, wanda da asuba ɗan ƙasa ne, da hantsi ya tsallaka ya zama baƙo, shi ne ya fi kowa bukatar ya tsaya ya duba irin hajar da aka tallata wa Amurkawa har suka saya, kafin ya sa hannu ya tafa.

Kamar yadda aka sani, kafin 2016 Trump bai taɓa riƙe wani muƙamin gwamnati ba, bai taɓa zama ɗan majalisa ko gwamna ba, bai kuma taɓa aikin soja ba. A tarihin Amurka shi ne na farko da ya shiga fadar White House ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Attajiri ne mai gine-gine da otel-otel a birnin New York, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, kuma jama'a sun fi saninsa ta wani shirin talabijin. Lokacin da ya fito neman jam'iyyar Republican ta tsayar da shi, manyan jam'iyyar dariya suka yi masa. Ƴan takara 16 ne suka kara da shi, cikinsu da gwamnoni da sanatoci, har da Jeb Bush, wanda ubansa da wansa duk sun mulki ƙasar. Ɗaya bayan ɗaya ya kayar da su.

Da me ya kayar da su? A nan ne ya kamata mu natsu. Tun 2011 ya soma share fage, inda ya riƙa yawo a kafofin watsa labarai yana cusa shakka cewa wataƙila ba a Amurka aka haifi shugaba Barack Obama ba, alhali kuwa a jihar Hawaii aka haife shi a 1961. Sai da Obama ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a watan Afrilun wannan shekara, amma duk da haka tsegumin bai mutu ba. Wanda ya san siyasar yankinmu ya san wannan salo, ba a ce da abokin hamayya ya gaza aiki, sai a ce asalinsa ba na nan ba ne. Ranar 16 ga watan Yunin 2015 kuma, a jawabinsa na shiga takara, ya ce ƙasar Meksiko tana turo musu masu safarar miyagun ƙwayoyi da masu aikata laifi da masu fyaɗe, ya yi alƙawarin gina katanga a kan iyaka, ya ce Meksikon ce ma za ta biya kuɗin. A watan Disamba na wannan shekara, bayan harin garin San Bernardino da ya halaka mutum 14, ya nemi a hana duk wani Musulmi shiga Amurka gaba ɗaya. Duk lokacin da ya saki irin wannan magana, masana su ce ai yanzu kam ya kashe kansa, amma sai a wayi gari taronsa ya ƙara cika.

Kada kuma mu yi wa masu zaɓensa rashin adalci. Akwai ciwo na gaske a ƙasa, ba Trump ya ƙirƙire shi ba. Tsakanin shekarar 2000 da 2010 Amurka ta yi asarar ayyukan masana'antu sama da miliyan 5. Wasu kamfanonin sun kwashe injinansu sun koma Meksiko bayan yarjejeniyar cinikin da ta fara aiki a 1994, wasu sun koma ƙasar Sin bayan ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, wasu ayyukan kuma na'urori ne suka maye gurbin mutane. Sai ga karayar tattalin arziki ta 2008, inda miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, gwamnati kuwa ta ɗebi kuɗin jama'a ta ceto manyan bankunan da suka jawo bala'in. A garuruwan jihohin Michigan da Ohio da Pennsylvania, magidancin da ubansa ya riƙe iyali da albashin masana'anta guda ya ga shi da matarsa suna aiki amma ba ta isa. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da hakan ya yi wa unguwannin ma'aikata da masu sayar musu da abinci, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Manyan jam'iyyun biyu kuwa, da na Democrat da na Republican, duk da su aka ƙulla waɗannan yarjejeniyoyi, kuma ba wanda ya je ya ba mutanen nan haƙuri. Maimakon haka, a watan Satumban 2016 Hillary Clinton ta tsaya gaban masu ba ta gudunmawa ta ce rabin magoya bayan Trump tarkacen mutane ne abin ƙyama. Wannan kalma ta yi wa Trump aikin da kuɗi ba za su yi masa ba, domin mutum yakan haƙura da talauci, amma raini yana da wuyar haɗiya. Ranar 8 ga Nuwamba aka kaɗa ƙuri'a. Clinton ta fi shi yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3, amma tsarin Amurka na wakilan jihohi ne, inda ya sami 304 ita kuma 227. Jihohi uku ne suka yanke hukuncin, Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, kuma jimillar ratar da ya ba ta a cikinsu ba ta kai ƙuri'a dubu 80 ba.

Daga nan ne ake samun masu cewa ai yunwa ce kawai ta zaɓi Trump, babu ruwan ƙiyayya. Sukan kafa hujja da cewa akwai gundumomi sama da 200 da suka zaɓi Obama har sau biyu sa'annan suka juya suka zaɓi Trump, kuma wanda ya zaɓi baƙar fata sau biyu ba za a ce masa mai wariya ba. Hujjar tana da ƙarfi, mun yarda. Sai dai tambayoyin da aka yi wa masu zaɓe a bakin rumfuna ranar zaɓen sun nuna wani abu dabam. Waɗanda abin da ke shigo musu a shekara bai kai dala dubu 50 ba, wato masu ƙaramin ƙarfi, Clinton suka fi zaɓa. Waɗanda suka ce tattalin arziki ne babbar damuwarsu, su ma ita suka fi zaɓa. Inda Trump ya yi rinjaye shi ne wajen waɗanda suka ce shigowar baƙi ko ta'addanci ne ya fi damunsu. Ashe ke nan ba mafi talauci ne suka ɗora shi ba. Da yawansu mutane ne masu ɗan rufin asiri, masu gida da mota, waɗanda ke jin cewa ƙasar da suka sani tana suɓuce musu, harshen da ake ji a kanti ya canja, fuskokin da ke makarantar ƴaƴansu sun canja, kuma ana ta ba da labarin cewa nan da wasu shekaru Turawa ba za su kai rabin al'ummar ƙasar ba.

A ganinmu haɗuwar abubuwan nan biyu ce ta yi aiki, kuma gwanintar Trump ita ce ɗinke su wuri guda. Ciwon na gaske ne, amma waɗanda suka jawo shi suna nesa, suna cikin ofisoshin kamfanoni da bankuna da majalisa, talaka ba ya ganinsu, bai ma san sunayensu ba. Baƙo kuwa ga shi nan kusa, yana tsinkar tumatir a gona, yana wanke kwanoni a gidan abinci, yana tuƙa tasi, ba shi da ƙuri'a, ba shi da mai tsaya masa. Ba lebura ɗan Meksiko ne ya sa hannu aka rufe masana'antar Michigan ba, ba kuma direban tasi Musulmi ne ya karya bankuna a 2008 ba. Amma ya fi sauƙi a nuna wa mai fushi wanda hannunsa zai iya kaiwa. Ɗan siyasar da ya daɗe a cikin gwamnati yakan ji nauyin yin haka a fili, ko don gudun abin da za a ce. Wanda ya fito daga waje ba shi da wannan takunkumi, kuma rashin kunyar tasa ita ce jama'a ke fassarawa da gaskiya. Alƙaluman hukumar bincike ta FBI sun nuna laifuffukan ƙiyayya ga Musulmi sun tashi daga 154 a 2014 zuwa 257 a 2015, suka kai 307 a shekarar zaɓen.

To bari mu duba abin da aka samu bayan ciniki ya faɗa, tunda ɗan kasuwa da riba yake auna magana. Mako guda da rantsar da shi, ranar 27 ga Janairun 2017, ya sa hannu kan dokar hana ƴan ƙasashe bakwai shiga Amurka, dukkansu masu rinjayen Musulmi, har da Sudan da Libiya. A watan Satumba na wannan shekara aka ƙara da maƙwabciyarmu Cadi, ƙasar da sojojinta ke zubar da jini a yaƙi da Boko Haram a yankin tafki, kuma rahotanni sun ce daga cikin dalilan har da ƙarewar takardar buga fasfo a Cadin, abin da ya hana ta aika samfurin da aka nema a kan lokaci. Sai a watan Afrilun 2018 aka cire ta. A ƙarshen Janairun 2020 aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka hana wa bizar zama. Katangar kuwa, Meksiko ba ta biya ko sisi ba, kuma mafi yawan abin da aka gina a wa'adinsa na farko maye gurbin tsohon shinge ne.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne abin da ya sami manoman da suka zaɓe shi. A 2018 ya ƙaƙaba wa kayan Sin haraji mai nauyi da sunan kare ƙasa. Sin ta rama, ta ɗora nata harajin kan waken suyar Amurka, ta koma saye daga Brazil. Farashi ya faɗi, wake ya cika rumbuna ba mai saye, har sai da gwamnati ta ware kimanin dala biliyan 28 a 2018 da 2019 don rage wa manoma asara. Mu da muka ga rufe iyakar Najeriya daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 mun san wannan karatu. An ce don a kare manomin shinkafa ne, amma farashin buhu ya hau a can, dabbobi da wake suka yi kwantai a nan, manyan motoci suka yi watanni a jere, masu fasa-ƙwauri da masu karɓar na goro a hanyoyin daji su ne suka yi ƙiba.

Wani zai ce, in haka ne, me ya sa Amurkawa suka sake zaɓensa a 2024, bayan ya faɗi a 2020, bayan kuma magoya bayansa sun afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021? Amsar ba ta da daɗi amma a fili take. Tsadar rayuwa ta gallabi jama'a a zamanin Joe Biden, hauhawar farashi ta haura kashi 9 cikin ɗari a tsakiyar 2022, kuma masu tsallaka iyakar kudu sun yi yawan da ba a saba gani ba. Trump ya sake ɗauko tsohuwar hajarsa. A muhawarar watan Satumban 2024 ya ce baƙi ƴan Haiti da ke garin Springfield na jihar Ohio suna cinye karnuka da kyanwowin mutane, hukumomin garin suka ce babu wata shaida, amma sai da barazanar bam ta sa aka rufe makarantu. Wannan karon ya ci da wakilai 312, ya kuma fi yawan ƙuri'un jama'a. Har ƴan asalin Latin Amurka da yawa sun koma wajensa, har ya zo na ɗaya a garin Dearborn na Michigan mai yawan Larabawa, waɗanda suka fusata da Biden kan yaƙin Gaza. Kowannensu yana ganin in ana maganar baƙon da za a kora, ba da shi ake ba, da wanda ya zo bayansa ake.

Wannan tunani ne muke so mu tsaya a kansa, saboda iyayenmu sun taɓa yin irinsa. A watan Nuwamban 1969, ƴan watanni bayan ya ci zaɓe, firaministan Gana Kofi Busia ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Hujjar ita ce baƙi sun mamaye ciniki, ƴan ƙasa ba su da aiki. Mutane dubu ɗaruruwa suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zangon Kumasi ba su taɓa ganin wani gari ba, fataken goro da na shanu da suka ɗauka shekarun da suka yi sun mai da su ƴan gida. An sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance, bashin da ke hannun mutane ya tafi ke nan. Tattalin arzikin Gana bai gyaru ba, gonakin koko ma suka rasa ma'aikata, kuma a watan Janairun 1972 sojoji suka kifar da Busia.

A watan Janairun 1983 abin ya juyo. Kuɗin man fetur ya faɗi, zaɓe na tafe a watan Agusta, sai gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adi su bar Najeriya. Fiye da mutum miliyan guda suka fita, akasarinsu ƴan Gana, amma da ƴan Nijar da Cadi da yawa a ciki, kuma dattawan garuruwan bakin iyaka suna tune da ayarin da ya riƙa shigowa da tabarmi da tukwane a ka. Shagari ya ci zaɓensa, ranar 31 ga Disamba sojoji suka hamɓarar da shi. Kada kuma mu ɗauka mu a Nijar hannunmu tsarkakakke ne. A ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori dubban ƴan Dahome da ke aiki a ƙasar nan, Dahome ta rama da toshe hanyar Kwatano, kayanmu suka maƙale a tashar jiragen ruwa. Busia da Shagari da Diori ba baƙin siyasa ba ne kamar Trump, tsofaffin hannu ne. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu, da tura ta kai bango, ya waiwaya ya ga baƙo ne mafi arhar abin da zai miƙa wa jama'a.

Saboda haka in dattijonmu mai yadi ya ce kishin ƙasa yake yabawa, ba mu da ja. Shugaba ya hana a kwashe arzikin ƙasarsa a banza, ya gina hanya da asibiti, ya tsaya a yi ciniki da shi bisa mutunci, ya kuma san wanda ke shiga da wanda ke fita ta iyakarsa, wannan haƙƙin kowace ƙasa ne, har da Amurka. Amma kishin da ba ya tashi sai an sami wanda za a zaga, wanda ke auna ɗan ƙasa da addininsa ko launin fatarsa ko garin kakansa, in ya zo yankinmu mu ne hajarsa ta farko. Bahaushen Maraɗi baƙo ne a Jibiya, na Katsina baƙo ne a Ɗan Isa, dukansu biyu kuma baƙi ne a Kumasi da Abijan da Duwala. Waɗanda suka yi zama a Kwaddibuwa sun ga inda maganar wane ne ɗan ƙasa na asali ta kai bayan rasuwar Houphouët-Boigny a 1993: an fara da hana Alassane Ouattara takara, aka koma yaga katin mutane a shingayen hanya saboda sunansu, aka ƙare da yaƙi a 2002.

Trump ya koma fadar White House a watan Janairun 2025. A watan Yuni na wannan shekara ya sake sa hannu kan dokar hana ƴan ƙasashe 12 shiga Amurka, kuma Cadi da Sudan suna ciki. Washegari shugaba Mahamat Idriss Deby ya ba da umurnin dakatar da ba Amurkawa bizar shiga Cadi. A shirinmu na wannan mako masu bugo waya sun yi ta yaba wa Deby, suna cewa ya nuna shi ma yana da kishin ƙasarsa, kuma cikin masu yabon mun gane muryoyin wasu da suka yi ta yaba wa Trump watanni bakwai kafin nan.